Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Giranolata Take Wargajewa?

Tambaya: Yarana uku 'yan makaranta ne, kullum sai na ba su kuɗin biskit da alawa, abin har ya fara damuna. Na ga yadda ake yin giranola mai yanka-yanka, na sayi ots da zuma na gwada, amma da na zo yankawa sai ta wargaje ta koma kamar tsaki. Na ƙara zuma, sai zaƙi ya yi yawa, ta kuma narke a jakar yara. Ina kuskuren yake? Da gaske ne ta fi biskit amfani a jiki? Almond ɗin da ake zubawa ma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Daga wata uwa a Yolde Kohi, Yola ta Kudu.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya mana zuri'a. Ki fara cire almond daga ranki. Mai zaune a Adamawa, jihar da Hong da Gombi suke noma gyaɗa buhu-buhu, ba ta da dalilin neman abin da akasarinsa daga Kalifoniya ake ɗauko shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa sinadarin gina jiki ne, ta ma ɗara almond a wannan fanni. Ga riɗi, ga kwakwa, ga dabino, duk za ki same su a kasuwar Yola ko babbar kasuwar Jimeta.

Ita giranola 'yar Amurka ce. A 1863 wani likita, James Caleb Jackson, ya fara yi wa majinyatansa irinta a garin Dansville, da garin alkama, mai taurin da sai an jiƙa ta a madara ta kwana kafin ta ciwu. Mai yanka-yankar nan sai a shekarun 1970 ta cika kantuna. Amma idan kin taɓa yin kantun riɗi, kin riga kin san rabin aikin: busassun kaya ne ake haɗawa da abu mai danƙo, a danne, a bari ya huce, a yanka. Bambancin kawai, kantu narkakken sukari ne yake riƙe shi, mu kuwa sukarin muke gudu.

To a nan matsalarki take. Ɗanyar zuma ba ta riƙe ots. Tana jiƙa shi ne kawai, kuma da zafi ya taɓa ta sai ta tsinke. Zafin Yola kuwa ba sai an ba ki labari ba. A Maris da Afrilu yana haura digiri 40, jakar yaro a cikin aji ta zama tanda. Duk yawan zumar da kika ƙara, zaƙi kika ƙara, ba ƙarfi ba. Abin da yake riƙewa shi ne dakakken dabino da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, irin wadda kike dama kunun gyaɗa da ita. Dabino yana da danƙo da tsoka, ba ya gudu in ya ji zafi, gyaɗa kuma tana cike ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin.

Ga ma'aunin da nake ba mutane, da kofin shayi guda za ki auna komai. Ots kofi 2, soyayyiyar gyaɗa da aka murje aka ɓarza kofi 1, riɗi rabin kofi, gogaggiyar kwakwa rabin kofi, dabino da aka cire ƙwallonsa kofi 1, zuma sulusin kofi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 4, gishiri ɗan kaɗan, da garin citta ko kirfa in kina so.

Ki wanke riɗi ki rege shi sosai saboda yashi, ki shanya. Dabino ki tsaga kowanne ki duba cikinsa, don busasshen nan yakan ɓoye ƙwari, sannan ki jiƙa shi a ruwan zafi minti 15, ki tsane shi, ki kirɓa a turmi har ya yi laushi ya haɗe. Kada ki bar ruwa ya bi shi. Ruwa shi ne yake sa abin ya yi saurin lalacewa. Ots ki soya shi a busasshen kasko, babu mai, wuta kaɗan, kina juyawa har ya fara ƙamshi ya ɗan yi ja. Haka riɗi, haka kwakwa, kowanne shi kaɗai, don ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba. Kwakwar sai ta bushe ƙarau. Mata da yawa suna tsallake wannan suyar don gaggawa, sai abin ya fito da ɗanɗanon ɗanyen gari.

Sai ki ɗora zuma a ƙaramar tukunya, in ta fara tafasa ki ba ta minti ɗaya zuwa biyu kawai. In ta wuce haka, abin zai yi taurin da haƙorin yaro ba zai iya ba. Ki sauke, ki zuba dabino da gyaɗar markaɗe ki gauraya, ki juye a kan busassun kayan tun da zafinsa. Ki cuɗa da muciya, in ya ɗan sha iska ki sa hannu. Gwajin mai sauƙi ne: ki dunƙula kaɗan a tafin hannu, in ya tsaya ya yi, in ya buɗe ki ƙara dabino.

Dannawa ita ce inda aka fi yin sakaci. Ki shafa wa faranti mai kaɗan, ki juye, ki baza kaurin yatsa, ki sa gindin kofi ki danne da ƙarfinki, lungu-lungu, musamman gefe. Masu firij sukan tsaya a nan su sanya ya daskare, amma wannan dabarar ƙasashen sanyi ce, kuma wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Ke ki gasa. A oben, digiri 160 na minti 20 zuwa 25. In babu, ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya yi zafi, ki ɗora farantin a kai ki rufe, wuta kaɗan, har gefe ya yi ja. Za ki ga tsakiyar da laushi, kada ya ruɗe ki. Ki sake dannewa, ki bar shi ya huce sarai, awa biyu ko fiye, kafin wuƙa ta taɓa shi. Zai ba ki yanka 16.

In ots ya yi tsada, ki maye rabinsa da gugguru da kika murmushe. Ɗanyen gero ko dawa ba za su yi ba, domin shi ots an riga an turara shi an latse a masana'anta, shi ya sa yake taunuwa.

Batun ko ta fi biskit, e, ta fi, domin tana da harza da sinadarin gina jiki, tana riƙe cikin yaro har a tashi daga makaranta. Amma ba zan ce miki magani ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa zuma cikin sukarin da ake so a taƙaita, ta kuma ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan ƙaramin cokali 12 ga babba, yaro ƙasa da haka. A wannan haɗin, zaƙin zuma da na dabino a kowane yanka ya kai kusan ƙaramin cokali 3. Saboda haka yanka ɗaya ya ishi yaro a yini, da gorar ruwa, ba da lemon kwalba ba. Mai ciwon suga a gidan kada ya ɗauka don babu farin sukari ya samu sarari.

Gyaɗa ki tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi fumfuna, ta motse ko take ɗaci ki zubar, domin tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, kada a ba shi zuma ko kaɗan, ƙananan da ba su kai shekara biyar ba kuma a niƙe musu gyaɗar saboda shaƙewa. Yaron da gyaɗa take sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, a kai shi asibiti, kada a sake gwadawa a gida.

Ki adana a mazubi mai murfi inda rana ba ta kaiwa. Da hunturu takan yi mako guda lafiya. Da damina, da raɓar kogin Binuwai a iska, ki yi rabin ma'aunin nan, wanda za a cinye cikin kwana uku ko huɗu.