Yadda Ake Ba Da Aikin Gina Shafin Intanet Na Sana'a

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, baƙi suka ƙaru a garin. Ga ɗalibai da malamai daga jihohi dabam-dabam, ga kuma na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Baƙon da yake neman masauki ko tela ko mai gyaran kwamfuta bai san kowa ba, saboda haka wayarsa yake fara tambaya. Haka ma ɗan kasuwar Kano ko Legas da yake son albasa ko tumatir daga manoman rani na gefen madatsar ruwa ta Zobe. Wannan ya sa masu ƙananan sana'o'i a Dutsin-Ma da Kurfi suka fara tunanin buɗe shafin intanet. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka ba da aikin ba tare da an cuce ka ba.

Mene ne shafin intanet?

Wuri ne a intanet mai ɗauke da sunan sana'arka, da hotunan kayanka, da farashi, da lambar wayarka, da kwatancen inda kake. Duk mai waya da data yana iya buɗe shi, dare ko rana, ko daga wace ƙasa.

Kana bukatarsa kuwa?

Ka fara yi wa kanka wannan tambaya kafin ka kashe ko sisi. Mai sayar da ƙosai a unguwa ba ta bukatarsa, domin masu sayen ƙosanta maƙwabtanta ne. Mutane da yawa WhatsApp da Facebook sun ishe su, kuma sa sunan shago a taswirar Google kyauta ne. Amma makarantar kuɗi, da masauki, da ƙungiyar manoma, da mai ɗinkin da take aika kaya Abuja ko Kaduna, shafi na kansu yana ƙara musu daraja a idon wanda bai taɓa ganinsu ba.

Akwai wani dalili kuma. Dandalin sada zumunta ba naka ba ne. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A shekarar kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Shafin da yake da sunanka ba ya rufewa don wani kamfani ya sauya doka. Duk da haka kada ka jingina da intanet kaɗai. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Littafin ajiye sunayen abokan ciniki yana nan da amfaninsa.

Abubuwa uku da kake biya

Gina shafi kamar gina shago ne: akwai takardar fili, akwai kuɗin wurin, akwai ladan magini.

Na farko shi ne sunan shafi, wanda masu aikin suke kira domen. Shi ne adireshin da mutane za su rubuta su same ka. Na Najeriya yana ƙarewa da .ng ko .com.ng, kuma ƙungiyar NiRA ce take kula da shi ta hannun kamfanonin da ta amince wa. Ba a sayen suna a mallake shi har abada. Ana sabunta shi duk shekara, idan kuma aka bari ya mutu wani yana iya ɗauka.

Na biyu shi ne masaukin shafi, wato hostin. Wata babbar kwamfuta ce da ba a kashewa, a cikinta ake ajiye hotunanka da rubutunka. Ita ma haya ce, ta wata ko ta shekara.

Na uku shi ne ladan wanda ya tsara shafin. Wannan sau ɗaya ake biya, sai dai idan kun yi jinga zai riƙa kula da shi.

Idan mai aiki ya faɗa maka kuɗi dunƙule, ka ce ya rarraba maka su uku. Ka kuma tambaye shi nawa za ka biya baɗi. Mutane da yawa sun yi murnar araha a shekarar farko, a ta biyu aka kawo musu lissafin da ba su zata ba.

Zaɓen mai aiki

Kana iya ba kamfani a Katsina ko Kano, kana kuma iya ba matashin da ya ƙware a garinku. Kowanne ka zaɓa, gani ya kori ji. Ka ce ya nuna maka shafuka uku da ya gina, ka buɗe su a wayarka, ba a kwamfutarsa ba. Idan suna da nauyin buɗewa a inda sabis ba shi da ƙarfi, naka ma haka zai zama, kuma yawancin masu sayen kayanka da waya za su shiga. Ka kira ɗaya daga cikin masu shafukan ka tambaye shi: "Bayan ka gama biya, yana ɗaukar wayarka?"

Idan kamfani ne, ka nemi lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Ana iya duba sunan a shafin hukumar. Ka san ofishinsa ko gidansu. Wanda ya yi maka alkawarin cewa cikin mako guda masu saye za su yi maka yawa, ko ya ce sai ka biya duka yau-yau, ka yi hattara da shi.

A rubuta yarjejeniya

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, tana koyar da rubuta bashi da kafa shaidu. Kada kunya ta hana ka, ko da mai aikin ɗan ɗan'uwanka ne. A rubuta yawan shafuka, da harshen da za a yi amfani da shi, ko Hausa ko Turanci ko duka biyu. A rubuta ranar gamawa, da sau nawa za a yi gyara kyauta, da wanda zai ɗauki hotuna. A raba biya: kafin alƙalami da farko, wani kaso idan ka ga aikin ya yi nisa, ciko bayan an damƙa maka komai. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit. Idan karatunka bai yi ƙarfi ba, ka sa malamin ajinku ko wani amintacce ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Makullai su zauna a hannunka

Nan ne aka fi cutar mutane, saboda haka ka natsu. Sau da yawa mai aiki yakan yi rajistar sunan shafi da sunansa da imel ɗinsa, wai don sauƙi. Ran da kuka saɓa, ko ya gama makaranta ya koma garinsu idan ɗalibi ne, ko ya sauya layi, shafin ya tafi da shi. Alhali ka riga ka buga adireshin a allon shago da katin talla da ledar kaya.

Ka ce masa tun farko: "Ɗana, da sunana za a yi rajista, da imel ɗina, da lambar wayata." Mai gaskiya zai ce: "To Baba, haka ya kamata." Idan ba ka da imel, a buɗe maka a gabanka. Ranar miƙa aiki ka karɓi kalmomin sirri uku: ta sunan shafi, ta masauki, da ta shiga shafin don sauya farashi ko hoto. Ka gwada kowacce da hannunka, ka sauya su, ka rubuta a littafi ka adana. Ka rubuta ranar sabuntawa a kalanda. Ka sa ya koya maka, ko ya koya wa ɗanka ko 'yarka, yadda ake sa sabon hoto. Sai an yi duk wannan za ka biya ciko.

Kuɗi da amanar masu saye

Idan za a riƙa biya ta shafin, akwai kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave masu haɗa shafi da banki. Asusun da kuɗin za su faɗa ya zama naka. Mai gina shafi ba ya bukatar lambar sirrin katinka, ba ya bukatar lambar da banki yake turo maka ta saƙo. Adireshin shafin ya fara da https, alamar cewa an tsare bayanan mai shiga. Sunaye da lambobin masu saye amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi wasa da su. Hotunan da za ka sa su zama na kayanka na gaskiya, farashin kuma ya zama na yau.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ake biya wajen gina shafi? Wanne ake sabuntawa duk shekara?
2. Me ya sa za ka gwada aikin mutum a wayarka?
3. Da sunan wa ya kamata a yi rajistar shafi? Me zai faru idan ba a yi haka ba?
4. Yaushe ake biyan ciko?

Aiki

Rubuta jimla biyar game da sana'arka: sunanta, abin da kake sayarwa, inda kake, lokacin buɗewa, da yadda za a same ka. Ka karanta wa 'yan ajinku su gyara maka. Wannan takarda ita za ka fara miƙa wa mai gina shafi.