Yadda Ake Shirya Baje Kolin Littattafai a Garwa

Duk wanda ya ƙudurci niyyar tara marubutan arewacin Kamaru da masu ƙananan maɗaba'u wuri guda sau ɗaya a shekara, domin su shimfiɗa abin da alƙalumansu suka haifa jama'a su gani su saya, wajibi ne ya fara la'akari da cewa Garwa gari ne da ake karatu a cikinsa da harsuna huɗu, wato Faransanci na makarantar gwamnati, da Larabci na zaure da islamiyya, da Fulatanci na fada da kasuwa, da Hausa ta fatake da mutanen unguwar Hausare, kuma ana rubuta biyun ƙarshen nan da boko da ajami. Taron da ya tsaya ga Faransanci kaɗai zai samu ma'aikata da ɗalibai, amma ya bar galibin masu karatun garin a gida.

Abu na farko shi ne a kafa ƴan shawara, kada su kasa biyar, kada kuma su yi yawan da za a rasa mai laifi idan aiki ya kwanta. A sa malamin zaure wanda malamai ke jin maganarsa, da malamin makarantar boko, da mace marubuciya ko malama, da mai sayar da littattafai wanda ya san farashi. Ma'aji kuwa a zaɓe shi saboda amana, ba saboda zaƙin baki ba.

Daga nan sai zancen lokaci, wanda a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi tuntuɓe. Duniya ta keɓe 23 ga Afrilu ta zama ranar littafi, kuma sau da yawa mai shiri yakan so ya daidaita taronsa da ita. Amma wanda ya san Garwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haye digiri 40 har kwalta ta yi laushi, ya san babu mai barin inuwar gidansa da rana tsaka domin ya duba littafi. Damina kuma, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, abokiyar gabar takarda ce, ga jarrabawar ɗalibai a farkonta, ga kuɗin komawa makaranta a Satumba da ke tsotse aljihun iyaye. Abin da na fi gani da maslaha shi ne Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya sanyaya gari, makarantu na buɗe in an kauce wa hutu, an kuma girbe audugar da kamfanin Sodecoton ke saye, kuɗi sun fara zagawa. Sai dai a duba kalandar Hijira kowace shekara, gama azumi yana matsowa da kimanin kwana 11, kuma bai kyautu taron ya faɗa cikinsa ba. Kwana uku sun wadatar, a fara ran Alhamis a rufe ran Asabar.

Idan rana ta tsayu, sai neman izini, kuma ƙofofinsa biyu ne, kowace da ladabinta. Ta gwamnati ita ce a rubuta takardar sanarwa da Faransanci zuwa ga superefe, wato jami'in gwamnati mai riƙe da gundumar, a ambaci wuri da rana da sunayen masu ɗaukar nauyi, a kai ta tun da sauran makonni, a karɓi shaidar an kai, a kuma aika kwafi ga wakilin ma'aikatar al'adu na yankin Arewa. Ta gargajiya ita ce a je fadar Lamiɗo da ƙafa, a cire takalmi, a yi gaisuwa, a roƙi albarka da wakili. Domin malamin da ba zai amsa takarda mai hatimi ba, da ya ji an ce fada ta san da maganar, sai ya ɗauko gafakarsa.

Wuri kuwa a nemi mai inuwa da katanga da ruwa da wurin salla, kamar harabar makaranta mai itatuwan dogon yaro, ko a roƙi aron farfajiyar Alliance Franco-Camerounaise, wadda ta saba da harkar littafi. Kada a yi kwaɗayin ƙaton fili, don mutum ɗari biyu a ƙaramar haraba taro ne, a filin ƙwallo kuwa sai a ce ba kowa. A tanadi tebura da tabarmi, gama dattijo ya fi sakewa a tabarma. A ba kowane mai shimfiɗa tsumma da ƴan duwatsu masu santsi, saboda kafin azahar ƙurar hunturu za ta kwanta a bangon littafi har a iya rubuta suna a kai da yatsa, iska kuma tana ɗaga warƙa ta kai ta gindin katanga.

Aiki mafi nauyi shi ne nemo marubuta da littattafansu, kuma shi ya kamata a fara wata uku kafin rana. Illar da ke damun wannan yanki ita ce marubucin arewa a kudu ake buga masa littafi. Alal misali, Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, wadda ta ci lambar Orange ta littafin Afirka a 2019, ta kuma ci Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, ƙananan maɗaba'un Yawunde, Ifrikiya da Proximité, su suka fara fitar da ayyukanta. Saboda haka a rubuta wa irin waɗannan maɗaba'u da wuri, a yi yarjejeniya su aiko da kwali bisa sharaɗin abin da bai sayu ba a mayar, a kuma lissafa cewa kayan za su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan mota ta ƙaraso da su. Littattafan Hausa na Kano da Zariya ta Yola suke shigowa, sai a haɗa kai da fataken da suka san kwastan da canjin naira da sefa. A aika wa jami'o'in Ngaundere da Marwa, da ta Garwa wadda aka kafa a 2022, gama akwai malamai da ɗalibai masu rubutu a ajiye. A nemi kuma aron tarihin Garwa wanda Modibbo Ahmadu Bassoro da Eldridge Mohammadou suka wallafa a 1980, a ɗora shi inda kowa zai gani, ko matasa sa san an taɓa rubuta garinsu da ilmi da tahƙiƙi.

Amma kada a manta da wanda bai taɓa shiga maɗaba'a ba: malamin da ke da ƙasidar wa'azi ta Fulatanci ko ta Hausa cikin ajami, da yarinyar da ta cika littafin makaranta da labari. A keɓe musu tebur, a taimake su da ɗaukar kwafi ashirin ko talatin a ɗinke. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na gado kuwa a nuna su ƙarƙashin gilashi, ba a sayarwa, ba a ɗaukar hotonsu sai da yardar magada.

Shela ba ta da wuya: a kai sanarwa gidan rediyon CRTV na Garwa da harsunan gari, a roƙi limamai su ambata bayan Juma'ar da ta gabaci taron, a bi shugabannin makarantu su turo aji-aji, sauran kuma WhatsApp ya isar.

Ranar buɗewa a taƙaita jawabai, domin an zo ganin littafi ne, manya kuma in an ba su lasifika ba su cika tuna agogo ba. Bayan la'asar a zaunar da marubuci ya karanta shafi biyu da bakinsa, a yi masa tambayoyi, a sa tafinta inda ya kamata. A kuma ware wata safiya ta mata, da mace mai jagora, saboda akwai waɗanda ba za su buɗe baki cikin maza ba.

Hisabi shi ne inda taron zai samu shekara ta biyu ko ya rasa ta. Tun ranar karɓar kaya a buɗe littafin rajista, a rubuta sunan mawallafi da sunan littafi da adadi da farashi, shi da ma'aji su sa hannu, a kuma faɗi kason masu shiri a fili, kada ya wuce ushiri. A tanadi canji mai yawa da lamba ɗaya ta Orange Money ko MTN, a hana bashi ko ga wanda ake jin nauyinsa. Daren rufewa, kafin a naɗe tabarmi, a ƙirga abin da ya rage a gaban mai shi, a damƙa masa kuɗinsa, na Yawunde kuma a ɗaure kwalinsu a aika cikin makon, tare da takardar abin da ya sayu.