Darasin Lambu: Ciyawar Acheampong, Sara Ba Ya Kashe Ta



Darasinmu na wannan fitowa a kan lambun bayan gida yake. Da yawa daga cikinmu da ke Kumasi, Sunyani, Koforidua, Nkawkaw da sauran garuruwan kurmi muna da ɗan fili a bayan ɗaki ko a filin da ba mu gama ginawa ba, inda muke shuka kuɓewa, gauta, barkono, gwaza da rogo. Abin da ake tsinka a wurin yana rage wa uwargida kuɗin cefane ƙwarai. Amma akwai ciyawa guda da ke ƙwace irin wannan fili cikin damina ɗaya ko biyu, ita ce wadda kowa ya sani da suna Acheampong. Mukan sare ta da adda, bayan 'yan makonni ta dawo fiye da yadda take. Dalilin haka da maganinsa shi ne abin da za mu duba.

Daga ina ta zo?

Masana suna kiranta Chromolaena odorata. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Ta shigo Afirka ta Yamma ta Najeriya wajen 1937, a yankin Inugu, kuma a 1969 aka fara lura da ita a Gana. Ta bazu sosai a zamanin mulkin Janar Ignatius Kutu Acheampong, daga 1972 zuwa 1978, shi ya sa sunansa ya bi ta. Dattawanmu za su tuna cewa a wannan zamanin ne gwamnati ta yi ta kira kowa ya noma abin da zai ci, har a bayan gida. A kudancin Najeriya kuwa Awolowo suke ce mata. Da yake baƙuwa ce, ta baro ƙwarin da ke cinta a can ƙasarta, saboda haka da ta iso nan ba ta tarar da mai taka mata birki ba.

Yadda za mu gane ta

Ganyenta biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna a jikin kara. Kowane ganye yana da faɗi a gindi, ya tsuke zuwa baki, gefensa da 'yan haƙora, jikinsa da gashi mai laushi. Idan muka juya bayansa za mu ga manyan jijiyoyi uku sun taso daga kusa da gindin ganyen. Idan muka murje shi, wari mai ƙarfi zai buge mu. Tana kai mita 2 zuwa 3 a tsaye, in kuma ta sami bishiya ko katanga sai ta hau ta wuce haka. Furenta ƙanana ne a dunƙule, fari mai ratsin shuɗi, suna fitowa da shigowar hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu.

Mu koya wa yaran da muke aike su tsinko ganyen miya kada su haɗa ta da ɗoɗɗoya. Karan ɗoɗɗoya kusurwa huɗu gare shi, kuma ƙanshi take yi. Karan Acheampong mulmulalle ne.

Ɓarnar da take yi

Tana saurin tsawo ta rufe shuka da inuwa, kuɓewa da barkono su yi ta ramewa. Da rani karanta yakan bushe ya zama makamashi, guntun taba ɗaya ya isa ya tayar da gobara a jikin gida. Duhuwarta maɓoyar macizai da ɓeraye ce. Farar nan mai zane-zane mai wari, wadda ke cinye ganyen rogo, tana son furenta, tana kuma taruwa a inda take.

Ga masu kiwo kuma sai a kula. Ganyenta, musamman sabon toho, yana da guba ga dabbobi, yana iya taɓa hanta. Tumaki da awaki kan guje mata in suna kiwo da kansu, amma ragon layya da ke ɗaure abin da aka zuba masa yake ci. Mu riƙa bincika damin ciyawar da aka yanko ko aka sayo kafin mu zuba. Mun san ana murza ganyenta a ɗora a kan yanka don tsayar da jini. Wannan daban, dafawa a sha daban. Abin da ke cutar da hantar dabba yana iya cutar da ta mutum, don haka kada mu sha, kada mu ba yara.

Me ya sa sara ba ya kashe ta?

Ƙarfinta yana cikin kututturen da ke daidai fuskar ƙasa, inda kara ya haɗu da saiwa. Idan aka sare sama, wannan kututture zai fitar da rassa da yawa a madadin guda. Wuta ma haka: ta cinye sama, ruwan farko na sauka sai toho. Hanya ta biyu ita ce iri. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, kowanne da ɗan gashi da iskar hunturu ke ɗauka, yana kuma maƙalewa a tufafi da jikin dabbobi. Saboda haka aikinmu biyu ne: mu cire kututture, mu kuma hana ta yin fure.

Yadda za mu yi aikin

Na farko, mu zaɓi lokaci. Satumba da Oktoba sun fi dacewa, ƙasa tana da laushi saboda ruwan ƙarshen shekara, fure kuma bai fito ba. Mu sa riga mai dogon hannu da safar hannu, domin tana sa wa wasu ƙaiƙayi, mai asma kuma ya bar wa wani aikin.

Na biyu, mu sare ta da adda mu bar kara kamar tsawon gwiwa don mu sami abin riƙewa. Sannan mu sa diga ko fartanya mu haƙa kewaye, mu tumɓuke kututturen gaba ɗaya. Ƙananan kuwa da hannu ma suna fita bayan ruwa.

Na uku, mu kife kututturen a kan dutse ko kwano, saiwa sama, har ya bushe. Ganye da ɗanyen karan da ba su yi fure ba ba shara ba ne, taki ne mai kyau, a zuba su a ramin taki. Idan mun makara har fure ya fito, mu fara yanke kawunan a hankali mu zuba a buhu, mu ƙone a cikin rami ranar da babu iska, da bokitin ruwa a kusa.

Na huɗu, kada mu bar ƙasa tsirara. Irinta yana son haske kafin ya tsiro, kuma ita kanta ba ta jure inuwa. Mu rufe wurin da busasshiyar ciyawa ko ganyen ayaba, ko mu shuka abin da ke shimfiɗa kamar dankali, wake ko kabewa.

Na biyar, idan ruwa ya sauka a Maris da Afrilu, mu riƙa zagayawa duk mako biyu muna cire 'ya'yan da suka tsiro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarar farko ita ce mai wuya, ta biyu aikin zai ragu sosai.

Maganin feshi kuwa, ba mu ba da shawararsa a lambun da ake tsinkar ganyen miya kullum, ga yara ga kaji. Mai babban fili ya nemi malamin gona na gundumarsa kafin ya saya.

Aikin unguwa ne

Iska ba ta san iyakar fili ba. Idan mun share namu, kangon da ke maƙwabtaka ya yi fure, a banza muka sha wahala, haka kuma namu yana iya zama masifar maƙwabci. Muna roƙon sarakunan zango, limamai da shugabannin samari su sa ranar gayya ɗaya kafin Nuwamba, a haɗa da bakin makaranta, maƙabarta da filayen da masu su ke tafiya, bayan an nemi izininsu. A fara da gidajen tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, waɗanda ba su da mai riƙe musu diga.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya tsare mana gidajenmu da dabbobinmu. Amin.