Jakin Zamani: Waiwaye a Kan Tarihin Toyota da Ma'aunan Masu Mota a Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi tarihin kamfanin ƙera motoci na Toyota da ke ƙasar Japan, sannan ta bi sawun motocinsa zuwa ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a yammacin Jihar Kano, domin gano ma'aunan da masu mota ke bi wajen yabo ko kushe abin hawansu. An tattara bayanai ta hanyar lura ta kai-tsaye da tattaunawa da direbobin haya da makanikai da manoma masu motocin kaya. Maƙalar ta gano cewa sunan da Toyota ta yi a yankin ya ginu ne a kan tsohuwar mota mai samun magani a kusa, kuma ma'aunan da kalmomin da ake siffanta ta da su gado ne daga dabbobin sufuri na zamanin fatauci.

Fitilun Kalmomi: Toyota, Sufuri, Ƙaraye, Rogo, Aron Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin muhimmancin abin da zai ɗauki kayansa. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jaki da takarkari da raƙumi su ne suka riƙe fatauci, tun daga ayarin goro na Gwanja har zuwa cin kasuwannin ƙauye. Da mota ta zo sai ta karɓi wannan aiki, ta kuma shiga adabi, kamar yadda waƙoƙin Alhaji Mamman Shata na direbobi ke shaidawa. Duk da haka, ba a cika tsayawa a kan tambayar da mai mota ke yi wa kansa kafin ya fitar da kuɗi ba: wace mota ce za ta fisshe ni?

Tambayar ba ƙarama ba ce ga mutumin karkara. Kuɗin mota sau da yawa ribar noman shekaru ce, ko kuɗin shanun da aka sayar. Idan ta mutu a hanya da lodin tumatir, asara ta tabbata kafin gari ya waye. Idan kuwa mai naƙuda ta ɗauko, abin ya wuce maganar dukiya. Manufar wannan maƙala ita ce fito da yadda mutanen Ƙaraye da Rogo ke amsa wannan tambaya, tare da ɗaukar Toyota a matsayin zakaran gwajin dafi.

1.1 Farfajiyar Bincike

Ƙaraye da Rogo su ne ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu suka tayar da Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu a tsarin 2024. Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Yanki ne na noman masara da dawa da rake da kayan lambu, kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta ƙarfafa noman rani da kamun kifi. Garuruwa irin su Yammedi da Turawa da Zarewa da Beli da Fulatan sun dogara ga mota wajen kai amfanin gona kasuwa, alhali hanyoyin da ke shiga ƙauyuka da dama na burji ne ko na turɓaya, masu caɓewa da damina.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Toyota

Asalin Toyota masaƙa ce. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana saƙa. Ya ƙirƙiro injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, ya kuma kafa kamfanin ƙera irin wannan inji a 1926. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro Toyoda ne ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin a 1933. Motar kaya ta farko mai suna G1 ta fito a 1935, ta shiga mai suna AA ta biyo baya a 1936, sannan sashen ya zama kamfani mai cin gashin kansa a 1937. An sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota saboda, daga cikin dalilai, a rubutun Japan ana zana shi da layi takwas, adadin da suke ɗauka na sa'a ne. Garin Koromo, inda masana'antar take, shi ma ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya shiga matsi. A 1950 rashin kuɗi da yajin aikin ma'aikata suka sa Kiichiro ya sauka daga shugabanci. Cinikin motocin kaya da sojojin Amurka suka yi da shi lokacin Yaƙin Koriya ne ya farfaɗo da shi. A shekarun da suka biyo baya, injiniya Taiichi Ohno ya jagoranci tsarin aiki mai ginshiƙai biyu: kada a ƙera abu sai lokacin da ake buƙatarsa, kuma kowane ma'aikaci yana da ikon tsayar da aiki idan ya ga aibi. Ginshiƙi na biyu darasin injin saƙar nan ne mai tsayawa idan zare ya tsinke.

Motocin da suka kai sunan kamfanin Afirka sun fito a jere: Land Cruiser ta samo asali a 1951, Corolla a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968, Camry kuma a 1982. A 2008 Toyota ta sha gaban General Motors ta Amurka a yawan cinikin motoci a duniya, kuma zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

3.0 Yadda Toyota Ta Iso Yankin

A shekarun 1970 Fijo ce sarauniyar hanya a Arewa. Masana'antar harhaɗa ta da ke Kaduna ta fara aiki a 1975, gwamnati da ma'aikata suka rungumi 504, yayin da a-kori-kura ƙirar 404 ta zama motar cin kasuwar ƙauye. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira suka mayar da sabuwar mota abin da talaka ke hange daga nesa. Daga nan aka buɗe ƙofar motocin gwanjo ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano, har Hausa ta sami sunaye irin su 'yar Kwatano da Beljiyam, ta kuma ari tokumbo daga Yarbanci.

Akwai abin lura a nan. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, wanda ya sa ake buƙatar mota mai sitiyari a hagu, alhali motocin cikin Japan sitiyarinsu a dama yake. Saboda haka Toyotar da ke isowa Kano galibi ta yi rayuwarta ta farko ne a Turai ko Amurka. Rayuwa ta biyu takan yi ta a hannun ma'aikaci ko ɗan kasuwa a birni. Sai a ta uku take sauka tashar Ƙaraye ko Rogo ta shiga haya. A can ma ba ita kaɗai ba ce, domin Golf da Sharon na Volkswagen da Kanta ta Mitsubishi suna da nasu masoya. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, da rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun ƙara tsadar gwanjon, suka tilasta wa mai tsohuwa ya ci gaba da lallaɓa ta.

4.0 Ma'aunan Masu Mota

4.1 Juriya

Abin da masu mota suka fara ambata shi ne jure wahala. Ba su auna mota da gudu ko ƙawa. Suna duba yadda take ɗaukar buhunan masara da dauren rake, da yadda take fita daga laka, da tsayin ƙafarta a hanya mai kwazazzabai. Hiace ta yi suna wajen fasinja da kaya a haɗe, Dyna da Hilux wajen amfanin gona, ita kuwa 'yar kurkura, wato Hijet ta Daihatsu, kamfanin da ke ƙarƙashin Toyota, takan kutsa lungun da babbar mota ba ta shiga. Wannan shi ne ma'aunin da falke ke zaɓen jaki da shi: wanda ke cin kaɗan, ya ɗauki da yawa, ya kwana a daji bai kwanta ciwo ba.

4.2 Magani a Kusa

Ma'auni na biyu ya fi na farko nauyi a bakin makanikai. Babu motar da ba ta lalacewa, amma akwai wadda idan ta lalace da safe za a aika Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kayan gyara su iso da yamma, ta koma lodi washegari. Yawan Toyota a ƙasa ya sa kayanta sun wadata, sababbi da na Beljiyam. Makaniken da ya koyi aiki a gaban ubangidansa ya saba da injinta, yana gane ciwonta daga ƙararta. Motar da sai an jira kayanta daga Legas kuwa, kowace rana da ta kwana a gareji bashi ne ke hawa kan direban da ke biyan balas. Ke nan rabin ƙarkon da ake yabawa aikin masana'anta ne, ɗaya rabin kuma na makanike da mai walda da mai faci da ɗan kasuwar kayan gyara.

4.3 Daraja Ranar Sayarwa

Manomi yana kallon mota kamar yadda yake kallon sa na kiwo, wato ajiya ce da za a iya mayarwa kuɗi idan aure ko rashin lafiya ko sayen taki ya taso. Masu mota sun yi ittifaƙin cewa Corolla da Hiace ba sa kwantai, domin mai saye na gaba shi ma ya san zai sami mai gyara. Wannan ne ya sa ake sayen ta da tsada ba tare da jin an yi wauta ba, bisa karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado.

4.4 Koke-koke

Koke-koken da aka ji sun fi karkata ga abin da ke kewaye da motar. Na farko jabun kayan gyara da gurɓataccen baƙin mai, waɗanda kan kashe inji mai lafiya. Na biyu algus ɗin wasu dillalai da ke shafe tarihin haɗari da fenti ko su mayar da lissafin tafiyar mota baya. Na uku tsadar fetur tun bayan janye tallafi a Mayun 2023, wadda ta sa direba ke ƙara lodi fiye da ƙima don ya fitar da balas, abin da ke cinye sifirin da taya, ya kuma jefa rayuka cikin haɗari. Na huɗu shi ne sababbin ƙira masu kwamfuta, waɗanda sai an jona musu na'ura kafin a gane ciwonsu. Irin wannan mota takan gagari makaniken ƙauye, a ja ta zuwa birni.

5.0 Toyota a Bakin Bahaushe

Sunayen motocin sun bi ƙa'idojin aron kalmomi na Hausa. Da yake harshen ba ya fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai a saƙala wasali: Starlet ta zama Sitalet, Land Cruiser ta zama Lankuruza. Hiace ta koma Hayis, Dyna ta koma Daina. Ta fuskar jinsi, duk sunayen sun ɗauki na tamata ko da ba su ƙare da wasalin a ba, domin kalmar mota ce ke bayansu. Shi ya sa ake cewa Hayis ce, ko Hilux ta wuce.

Abin da ya fi jan hankali shi ne aikatau da siffofi. Mota tana shan mai, tana tari, tana gajiya, tana kwanciya, tana mutuwa, tana tashi. Tana da kai da hanci da ciki da ƙafa. Akwai lafiyayya, akwai mai gardama. Duk waɗannan kalmomi ne na abu mai rai, da su ne kuma makiyayi da falke ke siffanta dabbarsu. Hatta martaba ta bi tsohon rabo: Lankuruza ta gaji doki a matsayin abin hawan sarauta da mulki, Hilux ta zama alamar jami'an tsaro da 'yan siyasa, Hayis da Daina da kurkura kuwa suka gaji jaki.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kamfanin da ya faro daga injin saƙa a Japan ya sami gindin zama a Ƙaraye da Rogo ta hanyar motocin da suka riga suka tsufa a wasu ƙasashe. Masu mota suna auna su da juriya, da samun magani a kusa, da daraja ranar sayarwa, ma'aunan da suka girmi motar kanta a ƙasar Hausa. Barazanar da ke tafe ita ce giɓin da ke buɗewa tsakanin motoci masu kwamfuta da makaniken da ya koyi aiki da kunne da hannu. Idan giɓin ya faɗaɗa, ma'auni na biyu zai rushe, manomi ne kuma zai fara ji a jikinsa. Don haka akwai buƙatar cibiyoyin koyar da sana'a su kai horon sababbin na'urori ga makanikan karkara cikin harshen Hausa. Su kuma manazarta harshe, ya kamata su gaggauta tattara kalmomin gareji da tasha daga bakin tsofaffin makanikai da direbobi, tun kafin su tafi tare da motocin da suka haifar da su.