Darasi: Yaranmu da Wayar Gida

Iyaye, a yawancin gidajenmu nan Gurugu da sauran unguwannin Tamale, waya ɗaya ce ta kowa. Da ita muke jin labarin 'yan'uwan da muka baro, ta cikinta ake turo mana kuɗin MoMo, kuma ita ce yara 'yan shekara 9 zuwa 12 ke ɗauka da zarar mun ajiye. Facebook da TikTok ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, amma ba su da mai gadi a bakin ƙofa. Gadin yana wuyanmu. Mu koya wa yara abubuwa huɗu.

1. Inda muke zaune sirri ne. Kada su faɗa wa baƙo sunan unguwa ko makaranta ko garinmu na asali, kada kuma su tura hoton katin gudun hijira. Wasunmu har yau ana neman su.

2. Hoto ba shaida ba ne. Babban mutum kan sa hoton yaro, ya fara da zaƙin baki da kyautar data, ya nemi hoton tsiraici, daga nan sai barazana.

3. Lambar sirrin MoMo ba a ba kowa. Duk wanda ya ce a biya kuɗi ya kai mu ƙasar waje da sunan UNHCR, ɗan damfara ne. Ayyukan hukumar kyauta ne.

4. In wani abu ya tsorata su, su faɗa mana. Wannan ya fi sauran muhimmanci: yaron da ya san bulala zai sha, ɓoyewa zai yi, shirunsa kuwa shi mugu ke nema.

A wannan mako mu gwada su da tambaya: "In wani ya ce kada ka gaya wa Inna, me za ka yi?" Mu saurari amsa ba tare da tsawa ba.

In abu ya riga ya faru, kada mu biya kuɗi, kada mu goge saƙonnin. Dokar Tsaron Intanet ta Ghana ta 2020 ta tanadi ɗauri ga mai yaudarar yara ta waya. Mu kira ko mu tura saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet, ko mu je sashen DOVVSU na 'yan sanda, ko wurin jami'in kariya. Ana riƙe sirri.