Darasin Uwargida: Girkin Wanda Jikinsa Ba Ya Karɓar Alkama da Madara



Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa, wata ɗaliba ce a ajin matan aure da nake koyarwa. Ta yi sati uku ba ta zo makaranta ba. Da na je dubiya sai na tarar 'yarta ce mai shekara 4 ba lafiya: ciki ya kumbura, gudawa ba ta tsayawa, ƙafafu sun sirance. An ce haƙori ne, an ce shawara ce, an sha jiƙe-jiƙe har an gaji. Daga ƙarshe aka tura su babban asibiti a Kano, likita ya yi gwaji ya ce a raba yarinyar da duk wani abu na alkama, a kuma dakatar da madara na ɗan lokaci. Uwar ta dube ni ta ce, "Malama, to me ya rage zan ba ta? Shayi da burodi ne karin kumallonmu." Amsar tambayarta ce na kawo mana yau, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Da farko: mu san larurar

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa wuri guda, alhali kowanne daban yake.

Na ɗaya, cutar da likitoci ke kira siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi. Mai wannan cuta idan ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta far wa bangon hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki. Ana ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ya lura cewa a yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yi wuya, yaran da ke da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Maganinta shi ne barin duk abin da ke da gulutin har ƙarshen rayuwa.

Na biyu, rashin narkar da sukarin madara. Wajen kashi 2 cikin 3 na manyan mutanen duniya cikinsu ba ya narkar da shi sosai bayan yaye. Alamarsa kumburi, ƙugin ciki da gudawa bayan shan madara. Da yawa daga cikin masu wannan suna iya shan ɗan kindirmo ko nono mai tsami, domin tsamin ya rage sukarin.

Na uku, borin jini da madarar shanu ke tayarwa, wanda ya fi kama ƙananan yara: ƙuraje, amai, kumburin leɓe, wani lokaci har sarƙewar numfashi. Wannan ba a wasa da shi. Nono, kindirmo, man shanu, har madarar akuya, duk a bar su. In numfashi ya sarƙe, asibiti nan take.

Don Allah 'yar uwa, kada ki yanke wa yaronki hukunci da kanki. Gwajin siliyak ana yin sa ne mutum yana kan cin alkama. In kin riga kin hana shi, gwajin zai iya nuna ba komai. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, in ta kama su tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Na biyu: inda alkama da madara ke ɓuya

Burodi, taliya, makaroni, biskit, kek, cincin, fanke, gurasa, alkaki, funkaso da dubulan, duk kowa ya san na alkama ne. Amma mata da yawa ba su san semo da kuskus na kanti ma alkama ba ne. Ɗanwaken sayarwa yanzu da wuya ki samu wanda ba a sa wa fulawa ba, wasu masu waina ma suna barbaɗa ta a ƙullu. Ta ɓangaren madara kuwa akwai tuwon madara, gullisuwa, alawar madara, cakulan, da man shanun da muke zubawa a miyar kuka. Kayan kanti irin su dunƙulen ɗanɗano da lemon malt, ki karanta jikin ledar ko gwangwanin, in ba ki iya ba ki ba wa ɗan makaranta ya duba miki.

Sai injin niƙa. In an niƙa alkama kafin naki, ɓurɓushinta zai shiga garinki, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya tayar wa mai siliyak da ciwo. Ki yi magana da mai injin, ko ki koma ga turmi. Ki ware rariya da muciya, kuma man da aka soya fanke kada a soya wa mara lafiya ƙosai a ciki.

Na uku: abin da Allah Ya hore mana a gida

Mu da ke kudancin Kano ba mu da uzuri. Shinkafar Tudun Wada ta yi suna har wajen jiha. Masara tana yi sosai a Doguwa, ga dawa, gyaɗa, wake da waken suya a Kiru da Bebeji, ga kifi daga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Acca kuma tana shigo mana ta hanyar Jos. Babu gulutin a ko ɗaya daga cikinsu. Kakanninmu ma ai alkama abincin biki da Sallah ce a wurinsu, kuma sun rayu da ƙarfinsu.

Karin kumallo: koko da ƙosai, kunun gyaɗa da wainar shinkafa, kunun tsamiya da alale, sinasir da miya, ko soyayyen dankalin Hausa da ƙwai.

Abincin rana: shinkafa da wake, dambun masara ko na shinkafa da zogale, faten tsaki da yakuwa, faten acca, tubani, ko ɗanwaken da kika kwaɓa da hannunki.

Abincin dare: tuwon masara, na dawa ko na shinkafa, da miyar kuka, kuɓewa ko taushe. A maimakon man shanu ki sa man gyaɗa da aka soya da albasa.

Abin taɓawa da na tafiya makaranta: awara, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, daƙuwa, gugguru, aya, dafaffiyar gurjiya, rogo da garin ƙuli, kwaɗon zogale ko na rama, dabino da gwaiba.

Na huɗu: girki uku da za ki gwada

Ɗanwake ba fulawa: garin wake kofi 2, garin rogo kofi 1, kuka cokali 2, sai ruwan kanwa kaɗan. Ki kwaɓa ya yi danƙo, ki jefa a tafasasshen ruwa. Rogon da kukar su ne ke riƙe shi. In ya taso ya ɗan ƙara nuna, ki tsame.

Madarar waken suya: ki jiƙa kofi 1 ya kwana, ki murje ɓawon, ki markaɗa, ki ƙara ruwa kofi 6, ki tace da kyalle mai tsabta. Ki tafasa minti 20 kina juyawa, don ɗanyen waken suya yana ɓata ciki. Ana shayi da ita, ana kunu.

Fura ba nono: ki dama furarki da wannan madarar, ki zuba ɗan jiƙaƙƙen garin 'ya'yan kuka don tsami da kauri. Ba a banza ake ce masa kwalba-da-nono ba.

Na biyar: gargaɗi biyu

Wanda ya bar madara yana buƙatar abin da zai ƙarfafa masa ƙashi. Ki yawaita riɗi, zogale, kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Jariri kuwa, madarar waken suya ta gida da kunun aya ba sa maye masa nonon uwa ko kaɗan. Nonon uwa zalla wata 6, sannan a fara kunu ana ci gaba da shayarwa. In jaririnki ne mai larurar, likita ne zai faɗa miki abin da za ki ci da wanda za ki bari.

Na ƙarshe: mutanen gida

Abin da ya fi ba ɗalibar tawa wahala ba girkin ba ne, bakin mutane ne. Wannan ta ce tsirfa ce, waccan ta ce iyayi, kaka kuma ta ɓoye biskit ta ba jikarta don tausayi, washegari ciwo ya dawo sabo. Ki zaunar da maigida ki yi masa bayani a tsanake, shi ya yi wa iyayensa. Abokiyar zama ma ki sanar da ita saboda ranar girkinta. In za ku suna ko biki, ki ƙunsa wa yaron abinsa daga gida. Ranar Sallah ki yi wainar shinkafa da kantu da yawa, kowa ya ci, don kada ya ga kamar an ware shi.

Yarinyar nan yanzu ta yi kumatu, tana biyo uwarta makaranta da ƙullin awararta a hannu.

Aikin gida: kowace ta rubuta girkin kwana 7 na gidanta wanda babu alkama babu madara, ta kawo wa shugabar reshensu mu duba tare a taro na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a tukwanenmu. Wassalamu alaikum.