Yadda Ake Binciken Tsutsar Ciki a Jikin Tsaka da Kulɓar Tsibirai

Mafi yawan tsaka da kulɓar da ke tsibiran Hawayi baƙi ne, mutum ne ya kai su ba da saninsa ba. Wasu sun shiga kwale-kwalen mutanen Polinesiya na dā, wata tsakar gida kuwa mai suna Hemidactylus frenatus sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bayyana a can, cikin kayan jiragen ruwa. Kowacce ta iso da guzurin tsutsa a cikinta, kuma wannan guzuri shi ne ke ba da labarin hanyar da ta biyo. Stephen Goldberg da Charles Bursey, masana biyu daga Amurka, sun shafe shekaru suna buɗe cikin ƙadangarun tekun Pasifik don karanta wannan labari. Aikin nasu ba ya neman kayan tsada, ɗalibin ilimin dabbobi mai haƙuri zai iya yin sa.

Kafin ka taɓa dabba, tanadi safar hannu, almakashi mai tsini, hantsaki, ƙananan kwalabe masu murfi, gishiri, barasar itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, madubin hangen ƙananan halittu, da littafi. Ka nemi izinin hukumar da ke kula da dabbobin wurin, domin wasu kulɓar tsibiri ba a samun su ko'ina a duniya sai a ɗan tsibirinsu. Ka kuma riƙa wanke hannu da sabulu, saboda ƙadangaru na ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella.

Ni dai shawarata, fara da kashi, kada ka fara da wuƙa. Saka tsakar cikin jakar ƙyalle mai tsabta ta kwana. Da safe za ka tarar da ɗan kashinta kamar ƙwayar shinkafa, baƙi, da ɗigon fari a bakinsa. Farin nan fitsarinta ne da ya daskare, cire shi ka yar. Baƙin kake so, kuma tun yana da danshi.

Sai ka haɗa ruwan gishiri. Yi ta zuba gishiri a lita ɗaya ta ruwa kana motsawa har ya ƙi narkewa, wajen giram 360 ke nan. Murje kashin a cikin kaɗan daga ruwan, ka tace da ƙyalle mai shara-shara, ka zuba a siririyar kwalba har ruwan ya yi tozo a baki. Ɗora ɗan siririn gilashi a kai, ka ba shi minti 15. Ruwan gishiri ya fi yawancin ƙwan tsutsa nauyi, don haka ƙwan zai taso ya manne a gilashin. Ɗaga shi tsaye, ka aza a kan gilashin madubi, ka duba. Wanda za ka fi gani shi ne ƙwan 'yan tsutsotsin babban hanji na dangin Pharyngodonidae, mai siffar ƙwan kaza amma gefe ɗaya a ɗan baje. Akwai wata tsutsa mai faɗi kamar ganye wadda ƙwanta ke da nauyi, ba ya tasowa sosai. Domin ita sai ka dama kashin da ruwa zalla, ka bari ya kwanta, ka duba abin da ya taru a ƙasa. In ka gama, mayar da tsakar daidai inda ka kama ta.

Ƙwai dai zai nuna maka dangi ne kawai. Sanin ainihin nau'i sai an ga babbar tsutsa, kuma a nan ne yanka ke shigowa. Abin da ya burge ni a aikin masanan nan shi ne da yawa daga ƙadangarun da suka duba tsofaffin ajiya ne na gidajen adana halittu, waɗanda aka jiƙa a fomalin aka adana cikin itanol shekara da shekaru. Tambayi irin wannan ajiya tukuna, ba sai an kashe sabuwa ba.

Auna tsawon dabbar daga baki zuwa dubura, ka rubuta jinsinta da tsibirin da aka samo ta da ranar. Kwantar da ita rigingine, ka tsaga cikin daga dubura zuwa maƙogwaro a hankali, kada tsinin almakashi ya huda hanji. Ciro kayan cikin, ka raba su: tumbi daban, ƙaramin hanji daban, babban hanji daban, kowanne a farantinsa da ɗan ruwa. Kada ka haɗa su, domin mazaunin tsutsa rabin sunanta ne. Tsila, irin Oochoristica, a ƙaramin hanji take. Spauligodon da Pharyngodon, farare sirara kamar guntun zare, a babban hanji suke cunkushe. Leƙa maɗaciya ma.

Kada ka manta da huhu. A can ake samun Raillietiella, wata farar halitta mai ƙugiyoyi huɗu a ka, da take maƙalewa da su tana shan jini. Kamarta kamar tsutsa, amma danginta su ne ƙaguwa da jatan lande. Kyankyaso ke cin ƙwanta a cikin kashin tsaka, tsaka ta ci kyankyaso, abin ya zagayo.

In daga sabuwar gawa ka ciro tsutsa mai rai, jefa ta cikin itanol mai ɗumi, za ta miƙe sambal. A sanyi nannaɗewa take yi, awo ya gagara. Siraran sai a jiƙa su a gilisarin har jikinsu ya washe a ga kayan ciki. Tsila kuwa rina ta ake yi kafin a shimfiɗa ta a gilashi. Kowace kwalba a saka mata takarda a ciki da rubutun fensir, saboda barasa na wanke tawada.

Saura lissafi. A ce ka duba tsaka 40, ka sami wata tsutsa a cikin 10: yaɗuwarta kashi 25 cikin ɗari ke nan. In jimillar tsutsar 60 ce, raba ta da goman da suka kamu kawai, ka sami 6 a kowacce. Waɗanda ba ka sami komai a cikinsu ba ma rubuta su, da su lissafi ke tsayuwa.

Daga nan ka jera nau'o'in da ka samu ka tambayi kowanne yadda yake yaɗuwa. 'Yan tsutsotsin babban hanji ba sa neman ɗan aike, daga kashi zuwa baki suke bi, shi ya sa duk inda tsaka ta sauka suna tare da ita. Tsila kuwa sai ta ratsa jikin ƙwaro, in sabon tsibiri ba shi da ƙwaron da ya dace, zuriyarta ta yanke a nan. Wanda tsibiri ya yi masa nisa, ga tsakar bango da kulɓar bayan ɗaki da jan gwada a tsakar gida, da su zai fara koyon hannu.